Hattara da mai tallar kular ruwa ta kwamfuta a Instagram, ni ya riga ya ci kuɗina

Salam jama'a. Dan Allah duk mai niyyar sayen kular ruwa ta furosesa, wadda ake ce wa AIO, wato na'urar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta da ruwa, ya tsaya ya karanta kafin ya tura wa wani kuɗinsa, musamman mu 'yan Agege da Idi-Araba da Mile 12 da tallar nan take ta yawo a guruf-guruf ɗinmu.

Ni sana'ata editin bidiyon biki da suna. Kwamfutar tebur gare ni mai Ryzen 7 5800X, wanda ya san ta ya san akwai ɗaukar zafi, ga ɗakina ba ya samun iska, ga zafin Legas mai danƙo ɗin nan. Shi ne na ce bari in koma ta ruwa. Sai na ci karo da wani shafi yana tallar mai 240, wato mai fanka biyu, wai sabuwa dal a kwali, naira dubu 55. Na san kuɗin ya yi ƙasa sosai amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na yi mai magana. Ya ce shagonsa na Ikeja amma ana gyara, in tura kuɗi mai mashin zai kawo min har gida. Sunan da ke akawun daban da na shafin, na gani da idona kuma na tura.

Kaya ya zo a kwali mai kyau an naɗe da leda. Yanzu da nake tunani alamun duk suna nan ni ne ban kula ba. Kawunan sukurorin da ke riƙe da farantin jan ƙarfen da ke zama a kan furosesa duk sun kankare, alamar sukundireba ta sha hawa kansu. Man da ake shafawa tsakanin farantin da furosesa, na kamfani yana zuwa a shimfiɗe tsaf kamar an buga hatimi, wannan kuwa kana gani ka san da yatsa aka dangwala. Cikin lagireton, inda fankoki ke huce ruwan, akwai ƙura ta maƙale a lungu, kuma da na girgiza sai na ji ruwa yana ƙulun-ƙulun kamar gorar da aka sha rabi.

Na ɗaura ta, sati ɗaya lafiya lau. Daga nan ta fara ƙara kamar ana kuskure baki, zafi ya dinga hawa har digiri 90, wanda nan ne iyakar wannan furosesar, sai ta rage gudu da kanta, aikin minti 20 ya koma awa guda, ran nan kuma ina tsakiyar fitar da bidiyon wani biki kwamfutar ta mutu ɗif. Abin da ya ruɗe ni shi ne fankoki na juyawa, fitilu masu kala na ta walƙiya, ashe wannan ba ya nuna komai a kan ruwan. Da na taɓa tiyo biyun da ruwan ke bi sai na ji ɗaya zau ɗaya sanyi ƙalau.

Na ɗauki kular sai Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wajen wani ɗan uwanmu Bakano mai gyara ta ɓangaren Otigba. Yana kwance farantin sai ga wani kore-kore mai yauƙi kamar gansakuka ya toshe 'yan siraran layukan da ruwa ke bi. Ya kalle ni ya ce malam ai ruwan famfo aka ɗura maka. Ya yi min bayani cewa ruwan asali haɗi ne da sinadarin gilaikol da maganin tsatsa, saboda farantin jan ƙarfe ne lagireto kuma alminiyam, in ka haɗa su da tsurar ruwa cin juna suke yi. Kuma ita AIO a rufe take zuwa, ba a yi ta don a dinga buɗewa ba, ruwanta na raguwa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo tsawon shekaru, shi ya sa ko manyan kamfanoni garantin shekara 5 ko 6 suke bayarwa. Waɗanda suka gaji ne ake kwasowa cikin kayan tokumbo, a wanke, a ƙara ruwa, a nemo kwali. Muka duba lambar jikin kwalin da ta jikin kular, ko kama ba su yi ba.

Na kira wanda ya sayar min, wai ni ne ban iya ɗaurawa ba, wai na ɗaura famfon da ke tura ruwan sama da lagireto iska ta taru a ciki. Eh ana samun haka, amma ni a saman kes, wato akwatin kwamfutar, na ɗaura lagireton, na tura mai hoto. Yana gani ya yi bulokin ɗina. Na je adireshin da ya bayar, masu sayar da kondon waya na tarar, ba su taɓa jin sunansa ba.

Nawa ma da sauƙi. Wani yaro a Mile 12 tasa yoyo ta yi cikin dare, ruwan ya ɗiga kan katin girafik ɗinsa, asarar da ta ninka kuɗin kular sau nawa.

In dai dole sai ka saya, je ka da ƙafarka, ka duba sukurorin, ka haɗa lambar kwali da ta jiki, a jona a gabanka ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga in ana kunna kwamfuta, ka ga famfon yana nuna RPM, wato saurin juyawarsa, a ba ta aiki mai nauyi ko na minti 15 ne kana kallon zafin, sannan rasit mai sunan shago. Duk wanda ya ce maka ana gyaran shago, ka ce za ka jira a gama.

Shafin ya canza suna jiya amma hotunan dai su ne, har da jan kafet ɗin da yake ɗora kayan a kai. Na kai ƙorafi banki, na ajiye sikirinshot ɗin hirarmu gaba ɗaya, wanda abin ya taɓa shi ma ya neme ni ta inbok mu haɗa hujjojin wuri ɗaya. Ni dai na koma kular iska mai hasumiya, wadda fanka ke sanyayawa ba ruwa, bidiyon bikin kuma ya yi lattin kwana 4, har yau uwar amarya ba ta daina yi min mita ba.