Kafasiton X7R: kaya ne mai kyau, amma a san halinsa

Kafasito ɗan ƙaramin kayan lantarki ne mai riƙe caji, X7R kuma wani nau'insa ne. Ga mai gyaran waya ko inbata, X7R ya cancanci kuɗinsa. Cikinsa bariyom titanet ne, babu dalma. A zafin ɗaki ƙwayar kiristal ɗinsa ta ɗan miƙe ta gefe guda, atom ɗin titaniyom ya goce daga tsakiya, wannan gociyar ce ke ba shi ikon riƙe caji mai yawa. Wajen digiri 125 na ma'aunin Celsius sai ƙwayar ta koma mai gefuna daidai, gociyar ta ɓace.

An yi masa gauraye domin kada ƙarfinsa na riƙe caji ya sauya fiye da kashi 15 cikin ɗari daga digiri -55 zuwa 125. Y5V kuwa, wani nau'in kafasito, yana iya zubar da kashi 82 na ƙarfinsa, don haka ba na ba da shawararsa kusa da abin da ke zafi.

Aibinsa wutar DC. Ƙarami mai girman 0603 (lambar da ke nuna girman jikinsa) na iya rasa rabin ƙarfinsa in aka matsa shi kusa da iyakar bolt ɗinsa, sai a sayi wanda iyakar bolt ɗinsa ta ninka wutar da za a ba shi sau biyu. Ƙarfinsa kuma yana raguwa da daɗewa a ajiye. A gasa shi awa ɗaya a digiri 150, zai dawo. In allon da aka manna shi a kai ya lanƙwasa, kafasiton tsagewa yake yi.