macOS 12.3: Sabuntawar da ta yi awon gaba da Python 2.7

Da ganin lambar 12.3 mutum zai ɗauka ƙaramar sabuntawa ce, irin wadda ake latsawa da daddare a kwanta. Ta fito a watan Maris na 2022, kuma ita ce ta cire Python 2.7, tsohon fitowar harshen rubuta manhaja na Python, daga Mac gaba ɗaya. Sauran abubuwan da ta zo da su ba su dame ni ba, kan wannan kaɗai zan yi magana.

A gaskiya ba za a ce Apple ba ta yi gargaɗi ba. Tun 2019, a bayanan macOS Catalina, ta ce nan gaba harsunan Python da Ruby da Perl ba za su riƙa zuwa tare da tsarin ba. Ita kanta Python 2 masu ita sun daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020. Harshen PHP ma an riga an cire shi tun farkon Monterey, wato macOS 12. Don haka cirewar daidai ce, har ma ta yi jinkiri.

Amma ga inda abin yake ciwo. Duk fayil ɗin da layinsa na farko yake #!/usr/bin/python ya mutu nan take, Terminal, tagar buga umarni, sai ta ce maka "bad interpreter", wato ba ta ga Python ɗin da zai gudanar da shi ba. Wanda ya yi dabara ya rubuta #!/usr/bin/env python shi ma bai tsira ba, domin babu wani abu mai suna python a ko'ina. Kuma ba naka kaɗai ba ne ke faɗuwa: umarnin code na VS Code, manhajar rubuta lamba, ya tsaya a lokacin saboda yana kiran python ta ƙarƙashin ƙasa, haka ma tsofaffin node-gyp, kayan haɗa ƙarin Node.js.

Mutane da yawa sun ruga sun sa alias, wato laƙabin umarni, a cikin .zshrc, fayil ɗin saitin Terminal, don python ya riƙa kiran python3. Aikin banza. Alias yana aiki ne kawai idan kai ka buga umarni da hannunka, fayil mai gudana da kansa bai san da zamansa ba. Ka ce za ka mayar da python cikin /usr/bin? SIP, kariyar fayilolin tsarin Mac, ba zai bari ba, ko da sudo, umarnin da ke ba da ikon mai gida.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne /usr/bin/python3. Yana nan zaune kamar na gaske, alhali ƙofa ce kawai: idan ba a saka Command Line Tools, kayan aikin masu rubuta manhaja na Apple, ba, taga za ta buɗe ta nemi a sauke su. Ga mai kwamfuta ɗaya ba komai, xcode-select --install ya wadatar. Ga mai kula da Mac ɗari biyu a ofis, wanda ayyukansa ke gudana babu mutum a gaban allo, wannan tarko ne. Kuma ko ka saka, PyObjC, gadar da ke haɗa Python da kayan macOS, wadda tsohuwar Python take zuwa da ita, ba ta ciki, sai ka ɗauko ta da pip, mai sauke ƙarin kayan Python.

Gyaran da yake riƙewa shi ne ka saka Python taka, daga python.org ko ta manhajojin sakawa irin su Homebrew ko pyenv, ka yi venv, wato keɓaɓɓen wurin Python, ga kowane aiki. Lura da cewa Homebrew na zama a /opt/homebrew/bin a kan Mac mai guntun M1 na Apple, a kan mai na Intel kuwa /usr/local/bin. Cron da launchd, masu gudanar da ayyuka da kansu, ba sa duba waɗannan wurare, sai ka rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin. Idan dole sai tsohuwar, 2.7.18 ce ta ƙarshe, kuma ta python.org a M1 sai da Rosetta 2, mai gudanar da manhajojin Intel a kan M1.

Wajen komawa Python 3, umarnin print ba ya ba da wuya, shi yana ihu ka gyara shi. Rabawa ce mai kisan mummuƙe: 5/2 a da 2 ne, yanzu 2.5, babu wani kuskure da zai bayyana, lissafi ne kawai zai karkace.

Na ce cirewar daidai ce, amma da na sake dubawa, lokacin ne ban yafe ba. Abu irin wannan a babbar fitowa ta shekara ake yin sa, lokacin da kowa ke gwada kayansa kafin ya sabunta. A 12.3 aka cusa shi, tare da gyare-gyaren tsaro waɗanda mai hankali ba zai ƙi saukewa ba. Tauraro biyu cikin biyar.