Samsung PM893 a cikin saba: sharhina bayan na jima ina aiki da shi

Salam 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Ni ke kula da sabar wani shagon sarin magani a nan Kano, a kanta manhajar lissafin kaya take da databes ɗin, kuma tun bara muka cire diskin da ke ciki muka sa SSD, wato diski mara juyawa, guda biyu na Samsung PM893, kowanne 960GB. Da yake mutane suna yawan tambaya ta wai me ya sa ba za su sayi SSD irin na laptop su zura a saba ba tunda ya fi araha, na ce bari in rubuta abin da na gani da idona.

Mutumin da na gaji aikin a wajensa irin wannan SSD na laptop ɗin ya sa, ba zan kira sunan kamfanin ba dan ba laifinsu ba ne, ba dan wannan aikin suka ƙera shi ba. Da safe komai lafiya lau, amma da zarar kasuwa ta buɗe masu karɓar kuɗi sun fara shigar da ciniki a lokaci ɗaya sai ka ga allo ya tsaya cak, yarinyar da ke kan kanta tana danna maɓalli tana kallon kwastoma, kwastoma yana kallon agogo. Dalili shi ne irin waɗannan SSD suna da ɗan wajen da suke karɓar rubutu da sauri, in ya cika sai gudun ya faɗi ƙasa warwas, sannan databes kullum cewa yake a tabbatar masa an rubuta abu kafin ya wuce gaba, to shi kuma wannan diskin sai ya tsaya ya rubuta da gaske kafin ya amsa. Ga kuma ɗauke wuta, ranar da batirin UPS, na'urar da ke riƙe saba in an ɗauke wuta, ya gaza kafin a tada janareta sai da fayil ɗin databes ya lalace, Allah ya taimaka akwai kwafin daren jiya.

To anan ne PM893 ya burge ni wallahi. A takarda ba wani gudu ya fi ba, SATA ne, wato hanyar haɗa diski da kwamfuta da aka saba da ita, iyakarsa wajen 550MB a daƙiƙa kamar kowa, in dan lamba za ka saya to kar ma ka fara. Abin da kake biya kuɗinsa shi ne kafasitocin da ke cikinsa, in wuta ta ɗauke suna riƙe ɗan cajin da zai isa ya kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarsa ya adana kafin ya mutu. Saboda haka ne ma yake iya amsa wa databes nan take ba tare da jira ba, kuma shi ya sa tsayawar nan ta allo ta ɓace gaba ɗaya. Wuta ta sha yi mana tsiya tun lokacin, musamman da damina, saba ta mutu ta tashi, ban taɓa ganin fayil ya lalace ba. Mu da muke wannan yankin wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai juriya. An ƙayyade masa za ka iya cika shi da rubutu sau ɗaya kullum har shekara 5, in ka buga lissafi na 960GB ya kama 1,752TB kenan, alhali SSD na laptop mai 1TB yawanci wajen 600TB ake rubuta masa. Namu har yanzu lambar lalacewarsa da ƙyar ta motsa.

Haɗawar ce dai ta ɗan ba ni aiki, kuma duk abin da ya ba ni wahala ba daga diskin ba ne. Na farko katin RAID, wanda ke haɗa diski da yawa su yi aiki kamar ɗaya. Yawancin waɗannan katunan ba sa barin umarnin TRIM ya wuce zuwa diski, wato SSD ba ya sanin wane waje aka goge balle ya share shi tun da wuri, sannan suna ɓoye bayanan lafiyar diski, in ka buga smartctl, manhajar duba lafiyar diski, haka kawai ba abin da za ka gani sai ka ƙara masa -d megaraid,0 in katin mai cif ɗin LSI ne. Ni dai juya katin na yi zuwa yanayin HBA ya miƙa diskin kai tsaye, na sa Proxmox, manhajar da ke tafiyar da saba, da ZFS, tsarin adana fayil a diski, diski biyun suna kwafin juna, na sa ashift=12, wato girman sashen da ZFS zai riƙa rubutu da shi, tun wajen ƙirƙira dan ba a canza shi daga baya, na kunna autotrim. Amma dan Allah ka kwashe bayananka kafin ka juya katin, tsohon tsarin RAID ɗin ba zai biyo ka ba. Kuma in ramukan sabarka na inci 3.5 ne sai ka nemi tire mai ɗaukar 2.5, kar ka bar diski yana lilo a ciki wai ai SSD ba ya juyawa.

Na biyu shi ne wanda ya fi tayar min da hankali. Cikin hunturu ɗaya daga cikin diskin ya fara ɓacewa yana dawowa, ZFS yana ƙorafi, mai shago har ya fara cewa ko an sayar mana da jabu ne. Da na duba SMART, wato bayanan lafiyar diskin, sai na ga ba sashe ko ɗaya da ya lalace, lamba ta 199 ce kawai take hawa, ita kuwa wannan kuskuren hanya take ƙirgawa tsakanin diski da kati, ba cikin diskin ba. Na kashe saba, na zaro tiren, ƙura ce ja ta yi kauri a bakin ramin har sai da na hure na goge, kebul ɗin da ke bayan allon ramukan ma bai zauna daram ba. Na mayar da diskin wani rami, na danna kebul ya yi ƙas, lambar ta tsaya inda take. Ba ta komawa sifili fa, dan haka rubuta ta a takarda ka riƙa dubawa ko ta ƙaru. Abin yana min ciwo in na ga an jefar da diski mai lafiya an kashe kuɗi akan sabo alhali kebul ne.

Maganar famwaya kuma, wato manhajar da ke cikin diskin kansa, kar a raina ta. A ƙarshen 2019 HPE, kamfanin ƙera saba, ta fitar da gargaɗi cewa wasu SSD ɗinta na SAS, wata hanyar haɗa diski ta sabobi, za su mutu murus da sun cika awa 32,768 suna aiki in ba a sa musu gyaran HPD8 ba, kusan shekara 3 da wata 9 kenan. Ka duba fa, diskin da aka kunna rana ɗaya rana ɗaya za su tafi tare, RAID ba zai cece ka ba. Tun da na san wannan nake duba famwaya kafin in sa kowane diski, kuma kwafin bayananmu yana fita zuwa wani waje daban kullum da dare.

Tsada kam akwai ta, kuma samun sabo gal a kasuwarmu sai an sha nema, yawanci na hannu ne da aka ciro daga sabobin ƙasar waje. Ba laifi ba ne sayen na hannu, amma tafi da laptop da 'yar kebul ɗin SATA, a gaban mai kaya ka duba awannin da ya yi da yawan abin da aka rubuta masa. In ya ce ba za a gwada ba, bar masa kayansa. In kuma kana son NVMe, irin SSD ɗin da ya fi SATA gudu, ka fara tabbatarwa allon ramukan sabarka yana ɗaukar mahaɗin U.2, da yawa daga tsofaffin nan SAS da SATA kawai suka sani. Ga ƙaramin shago ko makaranta mai saba ɗaya, PM893 guda biyu sun wadatar, kuma in mai shago ya yarda da kasafin bana na uku zan saya in ajiye a durowa.