Gargaɗi ga masu kiɗa ta intanet, ku kiyayi mai tallar manhajar "ba jinkiri"

Salam 'yan uwa makaɗa, dan Allah ku karanta kafin wani ya sake faɗawa. Akwai wani mutum da ke bin mutane da saƙo yana tallar manhaja, wai da ita kai da abokin kiɗanka za ku buga fiyano da gangar kwamfuta lokaci guda ko da kowa na nahiyarsa daban, ba jinkiri ko na ƙiftawar ido. Ni dai na biya, kuma wlh har yanzu haushin kaina nake ji.

Bidiyon da ya turo ya haɗu, mutum huɗu kowa a ɗakinsa kiɗa na tafiya daidai, ashe kowa daban ya ɗauki nasa aka haɗa daga baya. Da kuɗi suka shiga ya aiko fayil ya ce sai na kashe antibairos kafin in saka, nan ya kamata in farga amma ɗoki ya rufe min ido. Ina buɗewa sai ga Jamulus, eh Jamulus ɗin nan, manhajar yin kiɗa tare ta intanet da kowa ke saukewa kyauta, suna da tambari kawai ya canza, kayan kiɗan VST (ƙananan manhajojin sauti da ake jonawa cikin manhajar kiɗa) da ya ce gyara ne ya ƙara min kuma duk na sata ne da aka fasa wa makulli. Bayan kwana biyu aka shiga imel ɗina, na yi masa magana ya yi blokin ɗina.

Hujjarsa wai MIDI (bayanin abin da aka danna a kayan kiɗa) yake turawa ba sauti ba shi ya sa babu jinkiri. Ƙarya ce. MIDI ba nauyi kam, amma hanyar da sauti zai bi ita zai bi. Haske a cikin wayar fayiba kusan kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, wato duk kilomita 1,000 sai ya ci milisakan 5 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya), daga Landan zuwa New York kaɗai kusan 28 kenan tun ba a lissafa jinkirin kwamfutarka da rauta ba, alhali da an haura wajen milisakan 30 mai ganga zai fara jiran mai fiyano, kiɗa ya yi ta ja baya. Ba manhajar da za ta rage wa duniya faɗi. Manhajar NINJAM ma da ke haɗa makaɗa na nesa ba ta ɓoye ba, da gangan take jinkirta kowa, abin da abokinka ya buga a zagayen baya shi kake bi.

In kuna kusa da juna manhajojin SonoBus da Jamulus sun isa, ku sauke daga shafinsu na asali, ku jona waya maimakon wayifai, a ajiye abin kunne na Bluetooth. Wanda kuma ya riga ya saka fayil ɗin mutumin nan, ya cire kwamfutar daga intanet yanzu, ya canza kalmomin sirrinsa ta wata na'ura daban, musamman na imel da na banki.