Faifai na biyu ya hana laftof tashi: laifin saiti ne ko na haɗi?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka ciro faifan ajiya daga tsohuwar laftof ɗinka ka ƙara shi a sabuwar, wadda da ma tana da nata SSD, wato faifan ajiya mai sauri. Tun daga ranar, in ka kunna sai tambarin kamfani ya fito, sannan baƙin allo da rubutu No bootable device. Wani ya ce ka goge komai ka sake sa Windows, wani ya ce gurbin faifan ne ya lalace, kai kuma ka rasa na kamawa. To, kada ka goge komai tukuna. Matsala iri biyu ce ke kawo wannan, daga nesa kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban.

Ta farko ta saiti ce: faifan biyu lafiyarsu lau, kwamfutar ce ta rikice a kan wanda za ta tashi da shi. Ta biyu ta haɗi ce: faifan bai zauna daidai ba, ko ma ba irin wanda gurbin ke karɓa ba ne. Abin da zai raba maka su shi ne BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da ka danna makunni, ka riƙa danna F2 in Dell ce ko Acer ko Asus, F10 in HP ce, Lenovo kuma F1 ko F2 gwargwadon samfuri. In ka shiga ka ga sunayen faifan biyu, matsalar saiti ce. In ɗaya kawai ka gani, ko kwamfutar ta tsaya cik a kan tambari har BIOS ɗin ya ƙi buɗuwa, to haɗi za ka duba.

Ni dai na fi zargin ta farko a wurinka, saboda ka ce faifan daga tsohuwar laftof ya fito. Ke nan akwai tsohon Windows a cikinsa, ko ragowarsa. Kwamfuta tana bin jerin faifan da za ta tashi da su ne, ta gwada na sama, kuma sau da yawa baƙon faifai kan haye saman jerin ba tare da an sa shi ba. Sai ta je neman fayilolin tashi a inda babu su, ko ta tarar da na tsarin da ba nata ba. Tsofaffin laftof da yawa suna raba faifai da tsarin MBR, wanda ba ya wuce TB 2, su kuma tashi ta tsohuwar hanyar da ake kira Legacy. Sababbi kuwa da tsarin GPT suke raba faifai, su tashi ta sabuwar hanyar UEFI, Windows 11 ma UEFI yake buƙata. Gwajin ba ya cin minti biyu: ka sake kunnawa, ka danna maɓallin zaɓen faifan tashi, wato F12 a Dell, Lenovo ko Acer, F9 a HP, Esc a Asus, ka zaɓi Windows Boot Manager mai ɗauke da sunan SSD ɗinka. In ta tashi, ka koma BIOS ka mayar da shi saman jeri, ka adana. Shi ke nan.

Amma akwai ramuka biyu a wannan hanyar. Idan kana cikin BIOS za ka ga wani wuri da ke ba ka zaɓi tsakanin AHCI da RAID, wato hanyoyin da kwamfutar ke magana da faifai. Hannunka zai yi ƙaiƙayi, kada ka taɓa. Windows da aka sa a kan ɗaya ba ya yarda ya tashi a kan ɗayan, sai ya watso maka allon kuskure mai rubutu INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ka ƙara wa kanka wata matsalar. Na biyu shi ne BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi. In faifanka a kulle yake da shi, canjin jerin tashi na iya sa ya nemi mabuɗin ceto, lamba 48 ne. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft, ka duba ta waya ka rubuta shi kafin ka fara.

Matsalar haɗi kuwa sai da sukudireba. Kashe kwamfutar, cire caja, cire batir in mai ciruwa ne, ka danne makunni na daƙiƙa 30, sannan ka fitar da faifan da ka ƙara. In ta tashi lafiya ba shi, ka san babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, da SSD ɗinka ba su da laifi, wannan ma kaɗai ya isa ka sami natsuwa. Ba ka faɗi inda ka sa faifan ba. In a gurbin DVD ne da ɗan akwatin nan da masu gyara ke cewa kadi, ka sani kaurinsa iri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, kuma wanda bai dace ba yakan shiga amma bakinsa bai kama da kyau ba. Wasu suna da ɗan mitsitsin maɓalli kusa da bakin haɗin, gusar da shi kawai kan sa kwamfuta ta daina tsayawa a tambari.

In kuma faifan irin siririn nan ne da ake kira M.2, ga abin da ya taɓa cin mini yini guda. Na sa faifan, na ɗaure ɗan notinsa, na rufe, BIOS ya ce bai san da shi ba. Da na sake buɗewa na haska fitila, sai ga haƙoran nan masu ruwan zinare suna leƙe a waje, rabinsu bai shiga ba. A karkace ake tura shi har haƙoran su ɓace, sannan a kwantar a ɗaure. Ka kuma dubi bakinsa, don faifan M.2 iri biyu ne: mai tsaga biyu yawanci SATA ne, mai tsaga ɗaya NVMe. Na SATA yana iya shiga gurbin da NVMe kaɗai yake karɓa, ya zauna das kamar gidan ubansa, amma ba zai yi aiki ba. Wannan babu saitin da zai gyara shi, sai dai canza faifai.

Shawarar gogewa kuwa, ba ta maganin ko ɗaya daga cikin biyun, har tana iya jawo wata. In ka sa Windows alhali faifai biyu na ciki, yana iya ajiye fayilolin tashinsa a faifan na biyu, a wani ɗan yanki da ake kira EFI mai kusan MB 100. Ranar da ka cire faifan sai kwamfutar ta sake ƙin tashi, ka rasa dalili. In har ta kai ga sake sawa, cire na biyun tukuna.

Fara da maɓallin zaɓen faifai. In ta tashi, kwashe hotuna da takardunka daga tsohon faifan, sannan ka shiga Disk Management, wurin sarrafa faifai a cikin Windows, ka goge tsohon faifan ya zama na ajiya zalla. In ba ta tashi ba, turo mini samfurin laftof ɗin da hoton shafin BIOS da ke nuna faifan.