Na ba wasu matasa a Zoo Road gyaran kod ɗin firoksinmu, ga yadda aikin ya kasance

Sana'ata sayar da intanet ce ga ɗalibai masu zaman haya a Danbare da Rijiyar Zaki, kusa da sabon matsugunin Jami'ar Bayero a Kano. Ɗalibi ya sayi tikiti, ya shigar da lamba a wayarsa ko kwamfutarsa, ya hau. Duk abin da ya nema sai ya bi ta firoksinmu, manhajar da ke tsaye tsakaninsa da intanet: ita ke duba ko tikitinsa da saura, ta buɗe masa hanya, ta ƙirga datar da ya ci. Wannan manhaja na kai wa wani ƙaramin ofishin masu rubuta kod a saman wani bene a Zoo Road, wata injiniya ce da ƙanenta, domin su rage mata maimaici, wato kod iri ɗaya da aka kwafa a wurare da yawa. Abokan sana'a suna ta tambayata ko aikin ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma akwai inda raina bai so ba, kuma zan faɗa.

Da harshen Go aka rubuta manhajar, wanda Google ya fitar a 2009. Yaran da suka yi mini aiki a baya, duk wanda aka ce ya ƙara wata hanya sai ya kwafi wadda ya tarar, ya liƙa a ƙasa, ya canza layi biyu ko uku. Ban ga laifinsu ba, aikin gaggawa nake ba su. Hanyoyin shiga uku ne: HTTP na fili, sai CONNECT da burauza ke amfani da shi idan za ta buɗe shafi mai kulle ta ƙofa ta 443, sai SOCKS5 wanda ƙa'idarsa ta fito tun 1996 a takardar RFC 1928. Da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a 2023 na ɗauke shi a matsayin layi na biyu, sai aka sake kwafe ukun nan gaba ɗaya. Wuri shida ke nan, kowanne aikinsa ya duba tikiti, ya kira sabar da ake nema (kwamfutar da shafin yake kanta), ya sa wa'adi, ya kwashe data gaba da baya, ya rubuta a rajista, ya rufe. Abin ya zama kamar ɗan Kwari mai littafin bashi shida: mutum ya biya, a soke sunansa a ɗaya, a manta da biyar.

Haka kuwa ya faru a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Sabobin waje suka daina amsawa da wuri. A wasu kwafin akwai wa'adin jira, a wasu babu, sai haɗi ya yi ta taruwa ba ya rufuwa har injin ya fara rubuta “too many open files”, domin a Linux iyakar da aka saba bai wa manhaja ita ce fayil 1024 a buɗe, kuma kowane haɗi ana lissafa shi cikinsu. An toshe a wuri ɗaya a lokacin. Sauran suna nan yadda suke har na je Zoo Road.

Abin da ya fara burge ni, ba su taɓa kod ɗin ba a farkon aikin. Injiniya ta jera kwafi shidan gefe da gefe, ta fitar da duk inda suka saɓa da juna, ta buga a takarda, ta kira ni. Ta ce, “Yallaɓai, kowane bambanci a nan ko dai kuskure ne ko kuma da gangan aka yi. Wasu ni zan gane, wasu kai kaɗai za ka iya faɗa mana.” Wannan zama shi ne mafi amfanin abin da na biya kuɗi a kai, don haka bari in daɗe a kansa.

Na farko ƙirgar data. Hanyoyin HTTP da CONNECT suna ƙirga abin da ɗalibi ya sauke da abin da ya ɗora. SOCKS5 kuwa saukewa kaɗai yake ƙirgawa. Wanda ya gano haka zai yi ta ɗora bidiyo kyauta. Ta tambaye ni wanne ne dokar kasuwancina, ba ta zaɓar mini ba. Na ce a ƙirga duka biyun.

Na biyu ya fi zurfi. A TCP, ƙa'idar da haɗin intanet ke bi, ɓangare ɗaya yana iya cewa ya gama aikawa alhali yana sauraron abin da ɗayan zai turo. Wasu kwafin namu da zarar hanya ɗaya ta ƙare sai su datse duka biyun, shi ya sa wani lokaci ɗalibi zai ɗora fom mai nauyi, amsar sabar ba ta iso ba an yanke shi, ya zo yana mita cewa netwok ɗinmu ba kyau. Wasu kwafin kuma suna jiran duka hanyoyin su ƙare ba tare da wa'adi ba, su ne masu tara haɗi. Ba ɗaya cikin shidan da ya yi daidai gaba ɗaya. A sabon tsarin akwai wuri guda da ke kwasar data da umarnin Go mai suna io.Copy ta kowane gefe, idan gefe ya gama a rufe rubutunsa kaɗai da CloseWrite, a bar ɗayan ya ƙarasa, idan kuma shiru ya wuce wa'adi a sallami kowa.

Na uku ne ya tayar mini da hankali. A HTTP akwai bayanan da ke saman kowace buƙata waɗanda firoksi ya kamata ya cire kafin ya miƙa buƙata gaba, daga ciki har da Proxy-Authorization, inda lambar tikitin ɗalibi take. Kwafin da ke bi ta layi na biyu ba ya cirewa. Wato shafukan waje suna karɓar lambobin tikitin ɗalibaina ba su ma nema ba. Ƙanen ne ya gano wannan, kuma bai jira ƙarshen aiki ba, a ranar ya kira ni, muka toshe.

Sai da aka gama wannan tantancewa suka rubuta gwaje-gwaje a kan tsohon kod: sabar bogi da ke jan ƙafa, wadda ke yankewa a tsakiya, wadda ke ƙin amsawa sam. Bayan nan suka fara haɗe kwafin ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki da ajiyarsa daban a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, tare da bayanin dalili. Ni ilimina na kod bai wuce in karanta in gane ba, amma na iya bin sawun abin da suka yi daga farko har ƙarshe. Gyaran kurakurai ma ba su cusa shi cikin sauyin tsari ba, kowanne da ajiyarsa, ta yadda in wani ya kawo matsala za a janye shi shi kaɗai.

Akwai maimaicin da suka bari da gangan, kuma da farko na tambayi dalili. Gaisuwar buɗe haɗi ta SOCKS5 da ta HTTP ba su haɗa ba. HTTP da rubutu yake magana: 407 idan ba tikiti, 502 idan sabar can ta ba da matsala, 504 idan ta yi shiru. SOCKS5 da lambobi zalla yake amsawa, sifili idan an dace, 5 idan an ƙi karɓar haɗi. Injiniya ta ce in aka tilasta su zama abu ɗaya, za a cika wurin da sharuɗɗan “idan wannan ne yi kaza, idan wancan ne yi kaza”, wanda ya fi maimaicin wahalar karantawa. Haka ta bar layukan duba kuskure na if err != nil da Go ya yi suna da su, ta ce ɗabi'ar harshen ce, duk wanda zai gaje su ya saba da ganinsu. Na gamsu. Yanzu kowace hanya tana yin gaisuwarta, sannan ta miƙa wa sashe guda da ke duba tikiti, kira, ƙirga da rufewa. Zaɓin layi ma ya zama saiti a fayil, ba kwafi ba.

Inda raina bai so ba. Saƙo a WhatsApp yana iya kwana bai samu amsa ba, kuma mai sana'a irin tawa in abu ya tsaya da dare ba shi da haƙurin gobe. Wa'adin da suka ɗiba sun wuce shi, ba su kuma sanar da ni ba sai da na tambaya. Sun so ɗora sabon kod ranar Asabar da yamma don lokacin ne suke da sarari, alhali lokacin ne ɗalibai suka fi cika layi ana kallon ƙwallo. Sai da na dage aka mayar da shi bayan sallar asuba, lokacin da kusan kowa ke barci. Wanda ya san kod amma bai zauna da kwastoma ba, dole ka tsaya masa a irin wannan.

Takardar bayanin da suka miƙa mini ita ma ta yi gajarta, an rubuta ta don injiniya ɗan'uwansu. Yaron da ke zama a shagona da dare yana buƙatar abu mai sauƙi: in ka ga kaza a rajista, yi kaza. Na roƙa, sun ce wannan aiki ne daban da kuɗinsa. Haka na nemi su ƙara mini iyakar gudu ga kowane tikiti tunda suna ciki, suka ƙi, wai ba sa gwama sabon abu da gyaran tsari. Dalilin na fahimce shi, amma da sun faɗa tun ranar ciniki da na shirya kuɗin kashi biyu.

Kuɗinsu ba na wasa ba ne ga ƙaramin mai sana'a. Rabi na biya a farko, rabi bayan sabon kod ya yi aiki a layi ɗaya ba matsala, kuma wannan sharaɗin su suka kawo shi. Daga baya da na koma kan maganar iyakar gudu, a wuri ɗaya aka rubuta ta, ta hau kan hanyoyi uku da layuka biyu a lokaci guda, kuɗinta kuma bai kai abin da na saba biya a irin wannan ƙari ba.

Idan firoksinka Squid ne ko wata manhaja da ka sauke ka saita kawai, wannan aikin ba naka ba ne, ba ka da kod ɗin da za a gyara. Idan kuwa naka ne aka rubuta maka, hannu da yawa sun bi ta kansa, zan tura ka wurinsu. Ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa za a ba ka jerin bambance-bambancen kafin a goge komai, da gwaje-gwajen, da lokacin ɗorawa da kai ka zaɓa, da lambar da za a ɗauka in ka kira da dare a makon farko.