Fada ko ƙungiya mai rajista?

A Yamai, shiga fada ba ta buƙatar takarda. Aboki ne zai ja ka, ka samu gefen tabarma, ka zuba naka na sukari da gawayi. In sabo ne kai, fifita wuta aikinka ne har shayi na uku ya sauka. Ranar aurenka ko sunan ɗanka kuwa, 'yan fada ne masu ɗaukar kujeru.

Ƙungiya mai rajista tana ƙarƙashin dokar 1984: akwai kati, kuɗin wata, shugaba da ma'aji, wasu har da tarar makara. Tana iya buɗe asusun banki, abin da fada ba ta iyawa. Ni dai fada ta fi mini daɗi, sai dai tana cin dare.